Janareta Mara Mai: Abin da Na'ura Take Iya Yi da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Shin akwai injin da zai ba ka fiye da abin da ka ba shi? Wannan ce tambayar da ke kwance a ƙarƙashin bidiyoyin nan na "janareta mara mai" da ke yawo a WhatsApp da TikTok da Facebook. Kusan duk zubinsu ɗaya ne. An ɗaure moto mai aiki da lantarki a kan firam na ƙarfe, an haɗa shi ta hanyar bel da altaneta, wato na'urar da ke mayar da juyi ya zama wutar lantarki, a tsakani an sa wata ƙatuwar tayar ƙarfe mai nauyi. Sai a tayar da shi da batir ko da wutar gida, a zare waya, abin ya ci gaba da juyawa, ƙwai ya kama, fanka ta ɗauka. Mai bayani ya ce altaneta na ba moto wuta, moto na juya altaneta, ragowar wutar kuma taka ce har illa masha Allah.

Ba abin mamaki ba ne da maganar ta samu shiga. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000. Mai aski da mai walda da mai cajin waya da mai ƙanƙara duk sun ji a jikinsu, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sai dai amsar tambayar ba a cikin altaneta take farawa ba. Tana farawa daga baro da gatari da jak ɗin mota, domin dokar da ke mulkin waɗannan ita ce ke mulkin kowane inji a duniya.

Mece ce na'ura mai sauƙi?

Idan aka ce na'ura, hankali kan tafi ga abu mai ƙara da hayaƙi. A wajen masana kimiyyar motsi kuwa, na'ura ita ce duk abin da ke sauya girman ƙarfin da ka sa, ko ya sauya inda ƙarfin ya dosa. Da wannan ma'anar, fartanya na'ura ce, allura ma haka.

An kasa su gida shida. Akwai liba, wato sanda mai ƙarfi da ke jingine a kan madogara, irin dogon ƙarfen da ake ɓanɓaro dutse da shi, ko almakashi, ko awartakin maƙeri. Akwai taya da sandar da ta ratsa tsakiyarta, kamar sitiyarin mota da hannun injin taliya 'yar murji. Akwai fuli, tayar nan mai kwari a bakinta da igiya ko bel ke bi. Akwai gangara, irin katakon da ake jinginawa a bayan a-kori-kura idan za a hau da babur. Akwai weji, wanda shi ma gangara ce amma mai kutsawa cikin abu ta raba shi: gatari, gizago, wuƙa, ƙusa. Na ƙarshe shi ne haƙoran noti, waɗanda idan ka duba da kyau gangara ce aka naɗe a jikin sanda.

Mutane sun daɗe suna aiki da su kafin wani ya zauna ya lissafa. Arkimidas, Bagirken nan na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya mutu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya fitar da lissafin liba. Bayansa Hero na Iskandariyya ya jero guda biyar, daga baya aka ƙara gangara suka cika shida. Injiniya Al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, aiki, ya kammala littafinsa a 1206 ɗauke da zanen injina iri-iri har da na ɗaga ruwa, kuma idan ka warware kowannensu, waɗannan ƙananan abubuwa za ka tarar an harhaɗa. Haka keken ɗinki yake, haka injin niƙa, haka katafila.

Cinikin ƙarfi da nisa

Na taɓa tsayawa wajen mai faci a bakin hanya, noti ɗaya na ƙafar baya ta wata mota ya ƙi kwantuwa. Yaron shagon ya hau kan sifana da ƙafa biyu yana dirawa, ko gezau. Maigidan nasa, wani dattijo mara jiki, yana zaune a benci yana kallo. Can ya ce, "Kai, sauko kada ka karya mana sifana. Miƙo min fayif ɗin can." Yaro ya ce, "Baba, ai ya ci tsatsa, sai dai a gasa shi." Bai tanka masa ba. Ya zura hannun sifana cikin fayif mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi, ya kama can ƙarshe, ya danna. Sai muka ji ƙas, noti ya saki.

Sifanar ba ta wuce santimita 30 ba. Fayif ya ninka tsawonta sau biyar, don haka ya ninka ƙarfin murɗawar dattijon sau biyar. Wanda ya tsaya a nan zai ce an samu ƙarfi a ɓagas. Amma duba hannun dattijon. Don noti ya juya ɗan kaɗan, sai da hannunsa ya yi tafiyar da ta ninka ta yaron sau biyar. Abin da ya samu a ƙarfi, ya biya shi da nisa.

A nan ne kalmar "aiki" take da ma'ana ta musamman. Aiki shi ne ƙarfin da ka sa, a ninka shi da nisan da abin ya motsa. A ce za a loda duro mai nauyin kilo 200 a bayan motar da tsayinta daga ƙasa mita 1 ne. Idan ɗagawa za a yi kai tsaye, sai an samu ƙarfin ɗaga kilo 200 na tsawon mita 1. Idan aka jingina katako mai mita 4 aka gangara duron sama, ƙarfin da ake buƙata ya koma na kilo 50, amma turin ya zama na mita 4. Kilo 200 sau 1, kilo 50 sau 4, duk 200 ne. Aikin bai ragu ba ko kaɗan. An dai yanka shi ƙanana yadda mutum biyu za su iya.

Baro ma haka. Buhun siminti biyu kilo 100 ne. Idan tsakiyar kayan na da nisan santimita 40 daga taya, hannayen baron kuma santimita 120, abin da ke hannun ɗan dako bai wuce kilo 33 ba, saura taya ta ɗauke. Shi ya sa gogaggen mai baro ke tura kaya can gaba kusa da taya, sabon shiga kuwa ya jibge su kusa da hannu, kafin azahar ƙugunsa ya riƙe.

Wani lokacin cinikin juyawa yake yi, a sayar da ƙarfi a sayi gudu. Keken hawa mai haƙora 44 a gaba da 18 a baya, duk zagaye ɗaya na feda tayar baya na yin kusan biyu da rabi. Ka samu gudu, amma da ka iso tudu za ka san ka biya. Hannunka kansa irin wannan libar ce. Jijiyar ƙwanji na manne da ƙashi kimanin santimita 4 ko 5 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuma na can wajen santimita 35, don haka riƙe kilo 5 a tafi na sa naman dantse jan abin da ya kai kilo 35 ko fi. Ladan da aka samu shi ne saurin da ke sa mutum ya iya jifa da sara.

Galileo, masanin kimiyyar nan na Italiya, wajen shekarar 1600, shi ya fito ya faɗi abin a fili: masu sana'ar da ke zaton za su yaudari ɗabi'a da na'ura kansu suke yaudara, domin abin da aka samu a ƙarfi ana rasa shi a lokaci da nisa.

Darasin jigo

Kafin injin ban-ruwa ya cika fadamu, jigo ne sarkin lambu. A kafa gwafa, a gitta itace, a ɗaure doguwar sanda a kai yadda za ta riƙa sunkuyawa tana miƙewa. A gajeren gefe a liƙa dunƙulen laka ko a ɗaure dutse, a dogon gefe kuma igiya da guga. Misirawa na amfani da irinsa a bakin Nilu sama da shekara 3,000, har zanensa na nan a bangon kaburburansu.

Wanda ya tsaya daga nesa zai ga guga cike da ruwa na tasowa kamar da kansa, ya ce lakar nan ce ke yin aikin. Je ka kama igiyar. Kafin guga ya sauka cikin ruwa, sai ka ja da ƙarfi ka ɗaga dunƙulen lakar sama. Ƙarfin da ka ajiye a cikinta ne take mayar maka lokacin da guga ke hawowa. Asusu ce, abin da ka zuba shi za ka fasa ka ɗauka. Hikimar jigo ita ce ya raba aikin biyu, ya kuma mayar da rabi ya zama ja zuwa ƙasa, inda nauyin jikinka ke taimakonka, maimakon ɗagawa da ƙashin baya. Mai lambu na iya wuni a kai. Amma ranar da ya kwanta zazzaɓi, ko ɗigo jigo ba zai ɗebo ba. A riƙe wannan, domin tayar ƙarfen nan mai nauyi da ke cikin bidiyo ƙanwar dunƙulen lakar ce.

Inda rijiya ta yi zurfi jigo ba ya kaiwa, sai fuli. A lambunan tsaunukan Azbin, arewa da Agadas, raƙumi ko sa ne ke jan igiyar da ta bi ta kan fulin katako a bakin rijiya. Fuli ɗaya da aka kafe a sama ba ya rage nauyi ko na giram ɗaya. Abin da yake yi kawai shi ne ya mayar da ja zuwa sama ya zama tafiya a miƙe a ƙasa, wadda dabba za ta iya.

La'adar dillali

Duk lissafin da na yi a sama na takarda ne. A zahiri duron nan ba zai hau da ƙarfin kilo 50 ba, sai an ƙara. Na'ura dillaliya ce tsakaninka da kaya. Tana karɓar aiki a hannunka ta miƙa wa kaya, kuma ba ta taɓa miƙawa cif. Sai ta cire la'ada. Sunan la'adar gogayya, wato cizon da ke tsakanin abubuwa biyu da ke shafar juna suna motsi. Ko ƙarfen da ya fi kowane santsi a ido, a ƙarƙashin madubin ƙara girma tudu da kwari ne. Abin da gogayya ta cinye ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. Taɓa jikin fuli bayan an wuni ana niƙa, ko tafin hannunka bayan igiyar guga ta suɓuce maka. James Joule na Ingila, a shekarun 1840, ya auna wannan da kyau: ya sa nauyi na faɗuwa yana juya filafilai a cikin ruwa, ya nuna cewa adadin aiki kaza kullum adadin zafi kaza yake bayarwa.

Ingancin na'ura, a wannan fage, shi ne kason aikin da ya isa wajen kaya daga cikin abin da ka zuba. Ka zuba 100, kaya suka samu 80, ingancinta kashi 80 cikin 100 ne. Mutane kan rikita shi da yawan ninka ƙarfi, alhali abubuwa biyu ne daban. Na'ura na iya ninka ƙarfinka sau ɗari kuma ta zama mai ɓarna ƙwarai. Ninka ƙarfi ba shi da iyaka, sai dai tsawon sandarka. Inganci kuwa yana da rufi, kashi 100, kuma babu na'urar da ta taɓa taɓo rufin.

Ga misali da fuli. Idan aka haɗa fuli huɗu yadda igiya huɗu ke riƙe da kaya mai kilo 200, a takarda jan kilo 50 ya isa, sai dai za ka ja mita 4 na igiya kafin kaya su tashi mita 1. Yanzu a ce kowane fuli na cin kashi 10 na abin da ya bi ta kansa, kamar yadda fulin da ba shi da boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke sauƙaƙa juyi, kan yi. Igiyar farko ta samu kashi 90 na janka, ta biyu 81, ta uku 73, ta huɗu 66. Ka tara, ƙarfinka bai ninku huɗu ba, uku da ɗan ɗoriya ne, kuma jan da za ka yi ya koma kusan kilo 65. Ka ƙara fuli, sauƙin da kowane sabo ke kawowa sai raguwa yake yi. Kowane dillali da aka ƙara a ciniki da tasa la'adar yake zuwa.

Abin da ke sa la'adar ta yi yawa ko ta ragu

Babban abu na farko shi ne bambancin ja da gangarawa. Busasshen ƙarfe a kan ƙarfe, kafin ka ja shi sai ka sa ƙarfin da ya kai rabin nauyinsa ko fi. Ka zuba baƙin mai a tsakani, ya sauko wajen kashi ɗaya cikin goma. Ka sa boris, 'yan ƙwallayen nan su riƙa gangarawa, ya koma kashi ɗaya ko biyu cikin dubu. Dalilin da ya sa ɗan ga-ruwa ke iya tura kura mai jarka goma sha biyu, kilo 300 na ruwa, shi kaɗai ke nan. Cire tayoyin ka ce ya ja ta a ƙasa, ka ga ikon Allah.

Amma taya ma tana da sharuɗɗanta. A kan kwalta turjiyarta wajen kashi 1 cikin 100 ne na nauyin kaya. A cikin rairayi tana iya ninka haka sau ashirin ko talatin, saboda tayar na nutsewa, kullum kamar tudu take hawa. Tayar da ba ta da iska sosai kuma lanƙwashewa take yi tana miƙewa a kowane zagaye, wannan lanƙwasar zafi take zama. Tayar jirgin ƙasa, ƙarfe a kan ƙarfe, ta fi su duka sauƙin gangarawa, shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan abin da tireloli da yawa za su raba. Magabata ma sun san wannan. A kabarin wani hakimin Misira mai suna Djehutihotep, na kusan shekara 3,900 da suka wuce, akwai zanen mutane na jan ƙaton gunki a kan katako, wani na tsaye a gaba yana zuba ruwa a ƙasa. A 2014 masu bincike a Jami'ar Amsterdam suka gwada, suka tarar rairayin da aka jiƙa daidai misali na rage ƙarfin ja da kusan rabi.

A wajenmu akwai ƙarin abokin gaba, ƙura. Giris abu ne mai kyau, amma idan ƙurar hunturu ta cakuɗa da shi ya zama kamar garin wasa wuƙa, yana cin ƙarfen da aka sa shi ya kare. Sarƙar keke mai tsabta da ɗan mai na isar da sama da kashi 95 na ƙarfin ƙafarka zuwa taya, abin da injina kaɗan ne ke iya kaiwa. Wadda aka laɓta wa mai a kan datti kuwa, haƙora take ci. A wanke tukuna, sannan a sa mai.

Shiga shagon mai injin niƙa ka saurara. Idan bel ya yi sako-sako, za ka ji yana kuka yana zamewa, inji na shan mai amma faranti ba ya samun juyin da ya kamata. Idan aka ɗaure shi tamau, sai boris ya riƙa zafi har ya mutu. Idan fulin inji da na niƙa ba su kalli juna daidai ba, gefen bel ya yi ta gogar bakin fuli, baƙin gari na zuba a ƙasa. Dakusasshen gatari ma asara ce irin wannan: maimakon ƙarfin sara ya taru a siririn baki ya tsaga itace, sai ya watsu yana daddatsa shi. Kada kuma a manta da nauyin na'urar kanta. Guga mai kauri da jiƙaƙƙiyar igiya, duk hawa sai ka ɗaga su tare da ruwan, kuma ba su kake sha ba.

Inda ɓarna ta zama rufin asiri

Kada a ɗauka gogayya sharri ce zalla. Ba don ita ba birki ba zai kama ba, bel ba zai ja fuli ba, ƙulli ba zai zauna ba, mu kanmu ba za mu iya taku a ƙasa ba. Wanda ya taɓa riƙe bijimi ya san cewa idan ya naɗa igiya sau ɗaya a jikin bishiya riƙonsa ya ninku sau da yawa, idan ya naɗa sau uku yaro ma zai riƙe.

Misalin da na fi so shi ne jak mai haƙoran noti. A ce hannunsa santimita 30 ne, kuma duk zagaye ɗaya yana tashi milimita 5. Hannunka na yin tafiyar kusan santimita 188 a kowane zagaye, don mota ta tashi rabin santimita. A takarda ƙarfinka ya ninku sau 377, wato ƙasa da kilo 3 ya isa ɗaga tan ɗaya. A zahiri irin wannan jak kan yi asarar wajen kashi 70 a cikin haƙoransa, don haka sai ka sa kamar kilo 9. Ɓarna ce babba. Amma ita ce ke sa idan ka saki hannu mota ta tsaya inda take. Lissafi ya nuna na'urar da za ta riƙe kaya da kanta ba tare da ta warware ba, ingancinta ba ya kai kashi 50. Jak mai inganci kashi 90, da ka cire hannu zai juya da baya ya sauke mota a kan wanda ke ƙarƙashi. Maƙeransa da gangan suka bar dillali ya ci da yawa.

To, janaretan fa?

Yanzu a bi wutar a zagaya da ita. A ce moto ya karɓi 100. Mai kyau ne, ya mayar da 80 juyi, 20 suka tafi a zafin waya da boris da iskar da yake kaɗawa. Bel ya ci nasa, 76 suka isa altaneta. A yi mata adalci a ce ita ma kashi 80 take bayarwa, duk da cewa ta mota ba ta cika kai haka ba. An dawo da 61. Wannan 61 ɗin aka mayar wa moto. Zagaye na biyu 37, na uku 22, kuma har yanzu ba a kunna ko ƙwai ɗaya ba. Dillalai uku ne ke miƙa wa juna kuɗi ɗaya, kowa na cire la'ada, ana jiran kuɗin su ƙaru.

Me ake gani a bidiyon ke nan? Wani lokacin tayar ƙarfen ce ke sakin abin da aka tara mata lokacin tayarwa, irin dunƙulen lakar jigo, kuma minti ɗaya ko biyu na bidiyo bai isa a ga ta gaji ba. Wani lokacin akwai batir a fili, ana cewa "na tayarwa ne kawai", alhali shi ke ɗauke da komai, har ma moto da altanetan nan ƙarin kaya ne a kansa. Da an haɗa batir da inbata kai tsaye da wutar ta fi daɗewa. Wani lokacin kuma waya ce aka ɓoye. Maganaɗisu ma da ake yawan kawowa ba mai ba ne. Ƙarfin da ya ba ƙarfe lokacin da yake jawo shi, shi zai karɓe lokacin da ƙarfen ke ƙoƙarin wucewa.

Masu kare abin na da hujjoji biyu da ya kamata a saurara. Ta farko, cewa kamfanonin mai da Turawa ne ke danne irin wannan ƙirƙira. Sai dai mafarkin ya girmi kamfanin mai da ɗaruruwan shekaru, kuma Turawan kansu sun fi kowa ɓata lokaci a kai. Bhaskara na Indiya ya zana taya mai juya kanta wajen 1150. Robert Fludd na Ingila ya zana injin niƙa a 1618 wanda ruwan da ya juya shi zai koma sama da kansa. Abin ya ishi Cibiyar Kimiyya ta Faransa har ta yanke a 1775 cewa ta daina duba irin waɗannan takardu. A 1847 Hermann von Helmholtz na Jamus ya shimfiɗa dokar a rubuce: makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a hallaka shi, kama kawai yake sauyawa. Ƙasar da ke sayen mai da tsada, ko rundunar sojan da ke jigilarsa zuwa fagen daga, da abin na yiwuwa da tuni sun rungume shi.

Hujja ta biyu ta fi taɓa ni, cewa ana kashe wa matasanmu gwiwa. Gaskiya ne da yawa daga masu haɗa waɗannan abubuwa ba 'yan damfara ba ne. Yaron da ya iya naɗa kwayil, ya yi walda, ya daidaita fuli, yana da hannu, kuma sau da yawa shi ma ya yarda da abin da ya haɗa. Inda ya zame shi ne wajen awo: ya sa mita ya ga bolt 220, ya ɗauka wuta ta samu, alhali bolt ba tare da kaya a kai ba kamar famfo ne mai matsi da ba a buɗe ba, bai gaya maka yawan ruwan da ke tanki ba. A ganina wanda ya tafa masa ya bar shi a haka shi ya cuce shi. Akwai kuma kayan da ake tallatawa da sunan "mara mai" waɗanda farantin sola ne da batir da inbata. Waɗannan na aiki, don suna da inda suke ɗebowa, rana. Madatsun Kainji da Shiroro ma ba sa shan fetur, amma ruwan sama ne ke cika su, rana ce kuma ke ɗaga ruwan zuwa gajimare.

Abin da ya shafi aljihu

Litar fetur ɗaya na ɗauke da makamashin da ya kai kimanin yunit 9 na mitar wuta. Ƙaramin janareta bai cika mayar da ko yunit 2 daga ciki zuwa lantarki ba, saura zafi ne da hayaƙi da ƙarar da ke hana maƙwabta barci. Wani kaso na wannan asarar ba makawa, haka injin da ke ƙona mai yake. Amma wani kason a hannun mai shi yake: toshasshiyar matatar iska, tsohon fulogi, baƙin man da ya wuce lokacin juyewa, ko tayar da babban janareta don ƙwai biyu da caji. Mai niƙa da ya daidaita bel, mai adaidaita sahu da ke duba iskar taya kowace safiya, ɗan ga-ruwa da ya canza boris, duk la'ada suke ragewa, kuma tana nunawa a cinikin yamma.

Wanda kuma aka kawo wa tallan janareta mara mai, ba sai ya yi musu da kowa ba. Ya ce a kawo shi gidansa, a ɗora a kan tebur a tsakar gida inda ake ganin ƙarƙashinsa, a buɗe kowane akwati. A jona masa hitar dafa ruwa mai wat 1,000, irin wadda ake tsomawa, a cikin duron ruwa. Babban batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 abin da ke cikinsa yunit 2.4 ne, hitar za ta shanye shi kafin awa uku. Sai ya shimfiɗa tabarma, ya sa a kawo wa baƙo shayi, ya ce kuɗi na nan a aljihu, bayan awa shida za a ƙirga.